Yadda ake gwada tsamin yawu a gida

Yawun da ka tashi da shi da asuba daban yake da wanda ke bakinka sa'ad da kake cin tuwo. Kusan kashi 99 cikin 100 na yawu ruwa ne, amma ɗan ragowar nan yana sauyawa cikin yini, kuma kana iya gani da idonka.

Nemi takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsami, a shagon kayan gwaje-gwajen asibiti, mai nuna daga 4.5 zuwa 9. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, abin da ya yi ƙasa da ita tsami ne.

Gwajin farko da farkawa ne, kafin aswaki, kafin kurɓar ruwa. Tofa yawu a cokali mai tsabta, tsoma takardar, ka kwatanta launinta da jadawalin jikin kwalin. Kada ka sa ta a baki. Yawun mai lafiya yakan tsaya tsakanin 6.2 da 7.6, na asuba kuwa yakan karkata ƙasa, domin yawu kusan ƙafewa yake yi cikin barci.

Da hantsi, tauna cingam marar suga na minti 5, ka sake gwadawa. Lambar za ta hau. Tauna tana tayar da maɓuɓɓugar yawu da ke gaban kunne, wadda ke zubo ruwa mai yawan bikabonet, irin sinadarin da ke cikin kanwa. Yadda kanwa ke kashe tsami a miya, haka shi ma a baki.

Gwaji na uku ne ya fi damuna. Sha zoɓo mai zaƙi ko lemon kwalba, ka gwada bayan minti 5, sannan duk minti 10. Tun shekarun 1940 Robert Stephan ya nuna a Amurka cewa bayan suga, lambar pH ta dauɗar haƙori kan sauka ƙasa da 5.5, inda farin ɓawon haƙori ke fara narkewa, kuma takan ɗauki minti 30 zuwa 60 kafin ta dawo. Na cokali ba lallai ya sauka haka ba, amma za ka ga alamar. Mai kurɓar lemo kaɗan-kaɗan tun azahar har la'asar bai bar yawunsa ya gama gyara ba. Shanye lokaci guda, kurkure da ruwa, ka jinkirta buroshi rabin awa.

In bakinka kullum a bushe yake, je wurin likitan haƙori da magungunan da kake sha, domin na mura da na hawan jini wasu kan rage yawu.