Yadda Za Ka Bi Sawun Cutar Makyarkyata a Tsokar Hanji Kafin Hannu Ya Fara Rawa

Aikina a ɗakin gwaji shi ne yanka tsoka sirara-sirara, in rina, in miƙa wa likita. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da cutar Fakinsan, wato makyarkyata, shi ne, kafin hannun dattijo ya fara rawa, kusan rabin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke samar da sinadarin dofamin, mai daidaita motsin jiki, sun riga sun mutu. Sau da yawa kuwa hanji ne ke fara kokawa. A 2003 Heiko Braak na Jamus ya kawo ra'ayin cewa furotin alfa-sinukilin, wanda ake samu a cure a ƙwaƙwalwar masu cutar, yana iya fara curewa a jijiyoyin hanji, sannan ya hau kai ta jijiyar begas, wadda ta haɗa hanji da ƙwaƙwalwa.

Fara da biro da takarda, ka rubuta alamomin da kan riga rawar hannu bayyana. Tun yaushe bayan gida ke yi wa Baba tauri? Ya daina jin ƙanshin girki? Yana naushi da shure-shure cikin barci? A nan Inna za ka tambaya, ta fi kowa sani.

In an taɓa leƙa hanjinsa da na'ura aka gutsuro tsoka, nemi lambar samfurin. Muna adana tsokar a ɗan dunƙulen kaki wanda bai kai kwalin ashana ba, kuma tana shekaru ba ta lalace ba. A 2016 masu bincike a Denmak suka koma kan irin waɗannan tsofaffin dunƙule, suka ga furotin ɗin a hanjin wasu tun shekara 20 kafin a gano cutar. In aka ba ka naku, don Allah kada ka bar shi cikin mota a zafin Afrilu, kakin zai narke.

Tambayi likita ko gutsuren ya kai shimfiɗar da ke ƙarƙashin fatar hanji, domin can jijiyoyin suka fi yawa. Wanda aka ɗan tsunko daga sama bai cika gaya mana abin da muke nema ba.

Amma kada ka sa a leƙa hanjin lafiyayye saboda wannan kawai. Gwajin yana hannun masu bincike har yanzu, kuma a Toronto a 2015 an ga furotin ɗin har a hanjin masu lafiya. Ganinsa ba hukunci ba ne, rashinsa ba tsira ba ne. Haɗa takardarka da lambar samfurin ka kai wa likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, shi zai duba tafiyar Baba da motsin yatsunsa ya faɗi mataki na gaba.