Yadda na samu sauƙin ƙarar kunne

Shekara shida ina kan injin niƙa a Ƙofar Marusa, nan Katsina. Bara kunnena na hagu ya fara wani tsiii kamar kukan gyare, dare na yi sai ya ƙaru. Man zaitun, tsinken auduga, duk na gwada, a banza.

Likitan kunne ya auna ni, ya ce, "Malam, ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin ƙara, awa takwas kullum, cinye ji take. Abin da ya tafi ba ya dawowa."

Na sayi robar toshe kunne, ba na tada inji sai da ita. Da dare nakan bar fanka tana juyawa (in an kawo wuta ke nan), ta danne ƙarar. Ba ta tafi ba, amma ina barci.