Yadda za ka nemo tsiro a rumbun bayanan laburaren jami'a

Idan laburaren jami'arku ya yi rajistar rumbun bayanan tsirrai irin su JSTOR Global Plants, mai ɗauke da hotunan busassun samfuran tsirrai da ke ajiye a ma'ajiyoyin duniya, ta shafin laburaren za ka shiga, ba ta Google ba. Masu rumbun suna gane jami'a ne ta adireshin intanet ɗinta. In kana gida kuwa, sai da lambarka ta ɗalibi da kalmar sirri, in ba haka ba ɗan ƙaramin hoto kawai za a nuna maka.

Inda na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe shi ne wajen suna. Rumbun da sunan kimiyya yake aiki, shi kuma sunan yakan sauya. Bagaruwa ta daɗe tana amsa Acacia nilotica, yanzu Vachellia nilotica ce, domin taron masana tsirrai na duniya na 2005, da wanda ya biyo baya a 2011, sun bar wa itatuwan Ostireliya sunan Acacia. Gawo a da Acacia albida ne, ya koma Faidherbia albida. Kaɗanya kuwa, a tsofaffin takardu Butyrospermum parkii za ka gani, a sababbi Vitellaria paradoxa. Wanda ya nemi suna ɗaya ya tsaya, ya bar rabin kayan a baya. Saboda haka kafin komai leƙa Plants of the World Online, wanda lambun Kew na Ingila ya buɗe a 2017, kyauta ne. Kwafi sunan da aka amince da shi da duk tsofaffin, ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hoto ya buɗe, za ka ga busasshen reshe manne a farar takarda, ga ma'auni a gefe. Kada ka tsaya kallon ganye kaɗai, ƙara girman hoton ka sauka kan 'yar takardar da ke kusurwar ƙasa. Nan ne sunan wanda ya tsinko reshen yake, da lambarsa, da rana, da wuri, sau da yawa da rubutun hannu mai wuyar karatu. Ƙananan takardun da aka liƙa daga baya na masanan da suka sake duba shi ne, wani ya gaskata sunan, wani ya gyara. Ni su nake fara karantawa. In an yi masa alamar samfurin asali, to a kansa aka raɗa sunan, shi ne shaida idan gardama ta tashi.

Launi dai kada ka amince da shi, furen da ya shekara ɗari a bushe ya koɗe. Sunan wuri ma yakan zo da tsohon rubutu, sai ka gwada da taswira.

Kafin ka rufe, rubuta harafin ma'ajiyar da samfurin yake, K na Kew, P na Paris, tare da lambarsa, domin su mai duba aikinka zai tambaya.