Yadda za ka ƙera wasan gem naka ka kunna shi a na'ura ba tare da ka ci haƙƙin kowa ba

Shagona yana Badariya, a nan Birnin Kebbi. Gyaran waya nake yi daga gaba, daga ciki kuma akwai benci biyu da talabijin uku da na'urorin gem na PS2 (PlayStation 2), inda yara ke biya su buga ƙwallo bayan la'asar. Bara da damina ɗan yayata ya zo mini hutu daga Argungu, yaro ɗan aji uku na ƙaramar sakandare. Wata rana an ɗauke wuta, mai ya ƙare a janareta, yana zaune yana jujjuya fad, abin buga gem, a hannu, sai ya ce, "Kawu, wai su wa ka yin wasannin ga?" Na ce masa Japanawa da Turawa. Ya ce, "Mu ba mu iyawa?"

Tambayar nan ta kwana mini a rai. Shekara da shekaru ina buɗe cikin na'urorin nan ina goge ƙura ina canza idon da ke karanta faifai, amma ban taɓa tunanin in sa abin da na ƙera da hannuna a cikinsu ba. Kafin hutun ya ƙare sai da muka yi wasa ɗaya, ƙarami, na kamun kifi a Matan Fada. Hanyar da muka bi ce zan shimfiɗa maka, da wuraren da muka yi tuntuɓe.

Da farko ka raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai wasan ƙirar gida, wato wanda mutum ya zauna ya tsara da kansa, ya kunna a na'urar da kamfani bai ba shi izinin rubuta mata komai ba. Akwai kuma satar fasaha, wato a kwafi wasan da wasu suka kashe dukiya suka yi, a loda a filashi ko a faifai a raba. Sau da yawa ƙofa ɗaya ake bi, shi ya sa kamfanoni ke garƙame ta. Duk wanda ya yi harkar shagon gem a arewa ya san memorin Free McBoot da manhajar OPL, kuma ya san abin da aka fi yi da su, wato loda wasannin kwafi a PS2. Ba zan ce hannuna bai taɓa shiga ba. Amma na ga yadda kwafi da tura finafinai a waya suka durƙusar da kasuwar faifan Kannywood, na ga masu shago da suka tattara suka koma wata sana'a, don haka ba zan koya wa kowa loda wasan sata a nan ba. Kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta taɓo har batun karya makullin da mai abu ya sa don kare kayansa.

To, da wace na'ura za ka fara? Shawarata Game Boy, tsohuwar na'urar hannu da Nintendo ya fitar a 1989. Kada ka raina ta. Ƙanƙantarta ce amfaninta. Fuskarta ɗigo 160 ne a kwance, 144 a tsaye, launi huɗu kacal, daga mai haske zuwa mai duhu. Yaron da ba zai iya zana filin ƙwallo mai 'yan kallo dubu ba zai iya zana kifi a murabba'i mai ɗigo 16 kowane gefe. Ba ka kuma buƙatar fasa komai, domin fayil ɗin da za ka fitar naka ne tun daga tushe.

Ka samu laftof, ko tsohuwa ce ta wadatar. Tamu tokumbo ce, batirinta ba ya wuce minti arba'in. Ka sauke manhajar GB Studio, kyauta ce, wani mai suna Chris Maltby ya fitar da ita a 2019, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Da ka sauke ta shi ke nan, ba ta cin data wajen aiki. Abin da ya sa na zaɓe ta shi ne ba sai ka iya rubuta lambobin kwamfuta ba. Zaɓe kake yi daga jeri: in ɗan wasa ya taka nan, a nuna wannan magana, in ya danna maɓallin A, a ƙara masa maki ɗaya.

In ka buɗe ta, kada ka fara da farin shafi. Ka zaɓi wasan gwajin da ke zuwa tare da ita, ka danna alamar kunnawa da ke sama daga dama, ka buga shi tukuna. Sannan ka koma ka ɓata shi da gangan. Ka canza abin da mutumin ciki ke faɗa, ka matsar da ƙofa, ka sake kunnawa ka ga abin da ya faru. Kwana biyu cur muka yi muna wannan, kuma a nan yaron ya fahimci kalmomi ukun da komai ya rataya a kansu. Scene shi ne wuri, kamar bakin kogi ko cikin kasuwa. Actor shi ne duk abin da ke motsi ko magana. Trigger kuwa tarko ne da ba a gani, in an taka shi wani abu ya faru.

Daga nan sai ka rufe kwamfutar ka ɗauko littafin lissafi mai gida-gida. Fuskar Game Boy gida 20 ce a kwance, 18 a tsaye, kowane gida ɗigo 8 da 8. Ka zana wurinka da fensir a kan wannan ma'auni. Mu mun zana gaɓar kogi daga ƙasa, ruwa daga sama, rumfar Sarkin Ruwa a gefe. Masuncinmu yana riƙe da homa, ga gora a ƙirjinsa yana iyo a kanta, kamar yadda yaron ya saba gani a garinsu. Ƙananan kifaye maki ɗaya, giwan ruwa maki goma, kuma ba ta fitowa sai jefi-jefi. Dokar wasan gaba ɗaya ke nan. Ka tsaya a kan abin da za ka iya faɗa da jimla biyu. Wanda ya fara da niyyar yin yaƙin Kanta da Askiya a wasansa na farko, a hanya zai ajiye.

Zanen kwamfuta kuma da Piskel muka yi, ita ma kyauta ce. A nan muka sha wahala ta farko. GB Studio tana son hoton wuri ya zama PNG, da launuka huɗun nan nata daidai, ba masu kama da su ba. Mafi sauƙi shi ne ka buɗe hoton wasan gwajin ka ɗebi launin daga jikinsa. Sannan akwai iyaka: wuri ɗaya ba ya ɗaukar gidaje mabambanta fiye da 192. Yaron ya zauna ya zana wa kowace igiyar ruwa kamarta daban, ya yi kyau ƙwarai, amma da muka kunna sai rabin kogin ya wargaje. Maganin shi ne maimaitawa, kamar mai saƙar tabarma. Ka zana gida biyu ko uku na ruwa, ka jera su har su cika kogin.

Wahala ta biyu ita ce ta fi daɗe mini a rai, domin ta harshenmu ce. Haruffan da manhajar ke zuwa da su babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Muka rubuta "ƙaton kifi", gurbin harafin farko ya fito ba daidai ba. Na ƙi yarda mu rubuta "katon", domin in yaro ya saba ganin Hausa a gurgunce a fuskar na'ura, zai ɗauka haka take. Ashe haruffan ma hoto ne, yana cikin jakar da aka sa wa suna fonts, kowane harafi a gidansa. Sai muka nemi alamomin da ba za mu taɓa amfani da su a wasan ba, muka goge su, muka zana ƙ da ɗ da ɓ a gurabensu. Duk inda muke son ƙ sai mu buga waccan alamar, ita kuma ta fito da lanƙwasarta. Sanya ƙugiyar ɗ a cikin ɗigo takwas ba tare da ta koma kamar d ba ya ci mana yamma guda. Akwatin maganar ma ƙarami ne, dole ka taƙaita. "Sannu da aiki, masunci" ta shiga. Doguwar gaisuwa irin tamu ta Kabawa sai an raba ta shafi uku.

Ka riƙa adana aikinka duk bayan 'yan mintoci, ka kuma kwafi jakar gaba ɗaya a filashi kowane dare. Sau ɗaya wuta ta tafi, batirin ya bi ta, muka rasa rumfar Sarkin Ruwa da duk maganarsa. Yaron bai ce komai ba, amma bai ci tuwon dare ba.

Idan wasan ya yi yadda kake so, ka zaɓi fitar da ROM. Za ka samu fayil ɗaya ƙarami mai ƙarewa da .gb, wanda ko ta WhatsApp za ka iya tura shi. A kwamfuta manhajar mGBA tana buɗe shi, a wayar Android kuma RetroArch. Waɗannan manhajoji kwaikwayon na'urar suke yi, kuma kunna wasanka da su halas ɗinka ne. In kana son ka ji shi a na'ura ta gaske, akwai kaset irin su EverDrive da ake sa wa ƙaramin memori a zura a tsohuwar Game Boy. Akwai kuma na'urorin hannu 'yan Sin, irin su Anbernic da Miyoo, masu karanta fayil ɗin kai-tsaye. Sai dai galibi suna zuwa da memori cike da wasannin mutane da aka kwafa. Ni memori sabo na saya na sa namu shi kaɗai.

Ranar da muka miƙa wa yaran shago, wani ƙarami ya karanta maganar Sarkin Ruwa da ƙarfi, ya ɗago ya ce, "Kai, wagga aba Hausa taka yi!" Suka bar ƙwallo suka yi layi. Ɗan yayata yana tsaye a bayansu yana gaya musu inda giwan ruwa ke fitowa.

Wanda ya wuce wannan mataki yana son babbar na'ura, hanya mafi tsabta ita ce Xbox. Tun 2016 Microsoft ya ba da dama a mayar da Xbox One ta gida na'urar gwajin manhaja. Ana yin rajistar asusun mai ƙira, wanda a da aka yi shekaru da dama ana biya masa dala 19 sau ɗaya, a sauke manhajar Dev Mode, na'urar ta koma wani ɗaki daban. A wancan ɗakin kana kunna abin da ka rubuta, amma wasannin kasuwa ba sa tashi a ciki. In ka gama ka dawo ɗakin farko. Steam Deck ta kamfanin Valve, wadda ta fito a 2022, ita a buɗe ma take zuwa. Su Wii ta Nintendo da PSP ta Sony kuma sai an bi ta bayan gida, ta hanyoyi irin su Homebrew Channel da ya fito a 2008. In za ka taɓa su, ka tabbata tsohuwar na'ura ce taka ta kanka, kuma da cikakken caji ko tsayayyar wuta. An taɓa kawo mini PSP da wani mai gyara ya fara yi wa aiki batiri ya mutu a tsakiya. Ba ta ƙara nuna komai a fuska ba. Sabuwar Switch kuwa ka bar ta kawai, Nintendo yana toshe na'urar da ya gano an taɓa daga shiga intanet ɗinsa.

Ra'ayina a kan ko ya kamata kamfanoni su buɗe ƙofa ba ɓoyayye ba ne: ya kamata. Na san hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Ribarsu ba a jikin na'urar take ba, a wasannin da ake saye take, kuma in kowa ya kwafa, masu ƙira ƙanana ne ke fara mutuwa. Amma a duba abin da ya faru da Sony. A 1997 ya sayar wa masu sha'awa a Turai da Amurka baƙar PlayStation mai suna Net Yaroze don su koyi ƙira. PS3 ma da ta fito a 2006 tana karɓar Linux, tsarin da ke mayar da ita kwamfuta, har rundunar sojan saman Amurka ta haɗa guda 1,760 ta yi babbar kwamfuta da su. Fiye da shekara uku na'urar tana tsaye ba a yi mata mummunan fashi ba. A Afrilun 2010 Sony ya cire wannan damar. Kafin shekarar ta ƙare wasu masana suka tsaya a wani taro a Balin ta Jamus suka bayyana raunin makullinta, a farkon 2011 kuma kamfanin ya kai George Hotz, matashin da ya wallafa sirrin makullin, kotu. Yadda na fahimta, masu basirar nan wurin gwaji suke nema. Da aka ba su ɗaki sun zauna a ciki, da aka kore su sai suka fasa bango, ɓarayi suka bi ta ramin.

Mu nan abin ya fi shafarmu. Sabon wasa dala 60 ne ko 70, kuma in za ka buɗe asusun PlayStation ba ka ma samun Najeriya a jerin ƙasashe. Babu kamfanin da zai zauna a Tokyo ya yi wasan langa ko na sharo ko na kokawa da kirarinta. In ba a bar yaranmu sun taɓa cikin na'ura ba, har abada 'yan kallo ne masu biyan kuɗin awa.

Yanzu dara muke ƙoƙarin yi, irin wadda ake bugawa a Zuru da ƙauyukanmu, gida talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu. Yaron ya riga ya zana allon a littafinsa, ya turo mini hotonsa ta wayar uwarsa. Inda muka tsaya shi ne yadda za a koya wa na'urar ta gane an jera uku a layi ta ba mutum damar ci. Ya ce in bar masa wannan har ya zo hutun Babbar Sallah.