Yadda Ake Haɗa Zirin Ƙyalle a Fara Koya wa Yarinya Wasan Jimnastik

Lokacin gasar Olamfik ta Paris a 2024 ne ɗiyar yayata ta ƙwace mini waya, ta ƙura wa wata yarinya ido tana kaɗa dogon ƙyalle a bakin sanda, yana murɗewa kamar maciji. Darja Varfolomeev ce, 'yar Jamus, wadda ta ɗauki zinare tana shekara 17. "Anti, ni ma ki yi mini irinsa," in ji ta. Da yake motsa jiki nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata a nan Katsina, ban da bakin cewa ban iya ba.

Wannan reshe na jimnastik da kiɗa ake yin sa, kuma kayansa biyar ne: igiya, ƙwallo, kulake biyu, babban zobe kamar garen yara, sai zirin ƙyalle. Ki fara da ƙyallen. Ya fi arha, kuma ba ya fasa gilashin taga ko goshin ƙani.

A gasar manya tsawonsa ba ya gaza mita 6, faɗinsa santimita 4 zuwa 6, sandar kuma santimita 50 zuwa 60. Matasa mita 5 suke riƙewa. 'Yar shekara bakwai kuwa mita 3 ya ishe ta, in ya fi haka takawa za ta yi ta yi har ta yi fushi ta jefar. Kada ki sayi yadi ki ce tela ya yanka ya harhaɗa, duk inda ɗinki yake nan yake sarƙewa. Ki shiga Babbar Kasuwa wajen masu kayan ɗinki, ki ce a ba ki zirin satin mai faɗin inci biyu, irin na kwalliyar wurin biki. Ki ninka kamar kamu biyu daga sama a bi shi da keke don kan ya yi nauyi, jelar kuma ki ɗan gifta ta a wutar kyandir kada ta zare.

Inda na sha wuya shi ne mahaɗin. Na farko da na yi, da zare na ɗaure ƙyallen a jikin sandar gora, kafin minti biyu ya tufke kamar igiyar guga. Dole a sa abin da ke juyawa tsakanin sanda da ƙyalle. Ki duba tsohuwar jakar hannu, za ki ga ɗan ƙarfen da ke maƙale maratayin, mai juyawa a gindinsa. Shi na cire, kafinta ya huda kan sandar ya sa ƙaramin zoben makulli, aka haɗa. Har dariya ya yi: "Malama, kamun kifi za ki dam ɗin Ajiwa?"

Makon farko babu tsalle, babu jifa. Ta miƙa hannu gaba, gwiwar hannu a sake, tsintsiyar hannu kaɗai ke aiki. Ta zana ƙananan da'ira da bakin sanda da sauri har ƙyallen ya yi zobba huɗu ko biyar a jere, girmansu ɗaya. In wannan ya zauna, sai kaɗawa sama da ƙasa, tafiyar maciji. Yara sukan sa kafaɗa gaba ɗaya, shi ya sa suke gajiya nan da nan, jelar ta kwanta a ƙasa. A gasa wannan kwanciyar asarar maki ce, haka ma in ƙyallen ya ƙulle. Kuma a yi da hagu kamar yadda aka yi da dama, ko tana ƙorafi.

Jifa sai a tsakar gida. Na koyi wannan ranar da fankar falo ta naɗe mana mita uku cif. Ki kwance igiyar shanya, ki nisanci darbejiya, ki shimfiɗa tabarma biyu don siminti ba ya tausayin gwiwa. Da hunturu ƙyallen yakan manne a jikin riga yana ƙas-ƙas, sai ki goge shi da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi, ki ɗan shafa masa damshi. Kaya kuwa dogon wando da riga mara faɗi, ƙaramin hijabi a cusa cikin wuyan riga. In gidanku ba a son kiɗa, tafi irin na gaɗa ya wadatar. Ki auna mata minti ɗaya da rabi, iyakar lokacin da ake ba 'yar wasa ɗaya ke nan a kan dardumar mita 13 kowane gefe.

Za ta yar da sanda, za ta yi kuka. Nakan ba tawa labarin Alina Kabaeva ta Rasha, wadda zobe ya kuɓuce mata ya fice daga fili a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, ta tashi da tagulla, sannan ta dawo ta ɗauki zinare a ta birnin Athens a 2004.

Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba: danne yarinya da ƙarfi don ta raba ƙafa ko ta lanƙwasa baya kamar na cikin bidiyo. Waɗancan tun suna shekara huɗu ko biyar suka fara, awoyi suke yi kullum a gaban kociya da likita, su shiga sahun manya a 16, yawancinsu kuma sun ajiye tun da ƙuruciyarsu. Evgenia Kanaeva, mai zinaren 2008 da na 2012, tana 22 ta daina. Mu minti goma na ɗumama jiki muke yi, gudu a tsaye da tsallen igiya, sannan ta miƙe iya inda jikinta ya kai, ta ƙirga ashirin ta saki.

In an tashi, ta naɗe ƙyallen da kanta tun daga jela, a sa a saman durowa. Tawa ta taɓa barin nata a ƙasa, da safe muka tarar da ƙanenta ya ɗaure akuya da shi.