Yadda za ka shirya jif ɗinka don rairayi da hanyoyin ƙauyukan Sakkwato da kuɗi kaɗan

Duk shekara da zarar damina ta ɗauke sai in ga abu ɗaya yana maimaituwa. Saurayi ya samu kuɗi ya sayi jif 'yar Kwatano, kafin ya sauya mata ko baƙin mai ya kai ta wajen mai walda an ɗaura mata ƙaton bamba na ƙarfe, an jera fitilu a kan rufi, an sa mata manyan tayoyi masu kaushi. Fitar farko, bai wuce Kware ko Wurno da nisa ba, ya sauka daga kwalta, sai ka ji labari: ko mota ta kafe a rairayi, ko lagireto ya tafasa. Kuɗin ya tafi wajen ado, abin da ke fitar da mota daga daji kuwa ba a taɓa shi ba. Tsarin da zan kawo a nan shi nake bi, kuma ina roƙon ka bi shi a jere, kada ka tsallake zuwa abin da ya fi burge ido.

Da farko ka tabbata motar tana ja da ƙafa huɗu. Kada ka yarda da rubutun da ke jikin bodi, kada ka yarda da bakin dillali. Shimfiɗa buhu ka kwanta ƙarƙashinta ka duba da idonka: akwai farfela mai zuwa gaba? Akwai shaf da ke shiga tayoyin gaba? Da yawa daga cikin 4Runner da Pathfinder da Xterra da ake shigo da su daga Amurka ƙafafun baya kawai suke ja, kamanninsu ɗaya da masu ja da huɗu. Wasu kuma an haife su da ƙafa huɗun, amma wani bakanike ya kwance farfelar gaba wai don a rage shan mai. Idan haka ne taka, nemo farfelar nan shi ne kuɗin farko da za ka kashe. Sannan ka gwada giyar ƙarfi, wadda direbobinmu ke kira okzilari: tsaya cak, sa giya a firi, tura ta zuwa 4L, ka ji ko ta shiga, ka ɗan ja a kan ƙasa. Motar da ta shekara biyar ba a taɓa sa mata wannan giya ba sau da yawa takan ƙi shiga. Highlander da RAV4 da Lexus RX ba su da ita sam. Suna iya hanyar burji da gargada, amma ni ba zan ba ka shawarar ka zuba musu kuɗin gyaran daji ba. Prado, Pajero, 4Runner mai ƙafa huɗu, ko Hilux idan ba ka damu da rufaffen baya ba, su ne na wannan aiki.

Mataki na biyu shi ne sanyaya inji. Mu da muke Sakkwato mun san watan Afrilu, zafi yana haura digiri 40, ga mota a rairayi tana aiki da dukkan ƙarfinta amma tana tafiya kamar raƙumi mai kaya, iska ba ta bugun lagireto. A nan ne kowace ɓoyayyiyar cuta take bayyana. A kwance lagireto a wanke cikinsa, a wanke haƙarƙarinsa daga baya zuwa gaba don ƙura da ƙaiƙayin ciyawa su fita. Sauya murfinsa, kuɗinsa kaɗan ne kuma shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa saurin tafasa. Matsa kowace roba da hannu, wadda ta yi laushi ko ta tsattsage a cire ta. Duba fanka da fanbel. Ka daina zuba ruwan rijiya ko na burtsatse, yana barin farar ƙasa a cikin bututu har ya toshe su, ka sayi ruwan lagireto na galan. Bakanike zai ce maka a cire tamosta, ɗan bawul ɗin nan da ke daidaita zafin ruwan inji, tunda ƙasarmu zafi gare ta. Ni ban yarda ba. Idan ta lalace a sa sabuwa. Mai jif otomatik kuma, idan da hali ya ƙara ɗan ƙaramin lagireto na man giya, domin rairayi yana dafa man giya fiye da kowace hanya. Ka lura kuma, ƙaton bamban nan da fitilun da ake jerawa a gaban mota suna tare iskar da lagireto ke buƙata.

Sai taya, kuma a nan zan daɗe, domin a nan na sha wuya.

Tayoyi masu manyan haƙora, waɗanda aka rubuta wa MT, na taɓo ne. A fadamun Rima cikin Agusta suna da amfani, amma a rairayi haƙa suke yi, a kwalta kuma ga ƙara ga shan mai, kuma tun da aka janye tallafin fetur a 2023 kowa ya san abin da lita ɗaya take nufi. Mafi yawan hanyoyinmu rairayi ne da burji da tsakuwa, saboda haka ka sayi masu alamar AT, wato na kowace irin hanya. Idan ka samu masu harafin LT a gaban lambar, gefensu ya fi kauri, sun fi jure ƙayar aduwa da kututturen gero da aka sare. Girma kuwa mataki ɗaya ya isa. Idan motarka tana ɗaukar 265/70R16, ka koma 265/75R16, tayar za ta ƙaru da kamar inci ɗaya, kuma galibi ba ta gugar bodi. Wanda ya wuce haka sai ya fara yankan bodi, giya ta yi nauyi, birki ya ragu. Rim mai inci 20 kuwa ka sayar da shi ka sayi 16 ko 17 idan birkin motar ya yarda, ragowar kuɗin ya taimaka maka wajen taya. Ana son roba mai yawa tsakanin rim da ƙasa. Idan aljihu bai kai sabuwa ba za ka sayi 'yar Beljiyam, to karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Tayar da ta tsufa ko haƙoranta na nan, zafin kwaltar Sakkwato zai fasa ta. Kuma tayar safiya, wato ta ajiya, ta zama daidai da sauran huɗun, girma ɗaya.

Amma duk wannan bai kai iska muhimmanci ba. Wata bazara na nufi wani ƙauye arewa da Gwadabawa da tsohuwar Pajero, sababbin tayoyi, mai faci ya ɗura musu iska har geji 45 kamar yadda suka saba. Na iso wani busasshen rafi, faɗinsa bai fi taku sittin ba. Ina shiga tsakiya mota ta fara nauyi, na taka totur, ta ƙara nutsewa, na sake takawa. Kafin in ankara cikinta ya zauna a kan rairayi, tayoyi huɗu suna juyawa a banza, ƙaurin kuloci ya cika motar. Rana tsaka, ruwan shanmu jarka ɗaya. Muna nan sai ga wani dattijo a kan jaki, ya sauka ya zagaya motar, ya danna taya da babban yatsa. Ashe tsohon direban babbar mota ne. Ya ce, "Ɗana, rairai ba shi son hushi. Sake mata iska." Na ce, "Baba, ai tayar za ta lalace." Bai ba ni amsa ba, ya tsuguna ya ciro tsinken ashana ya danna bawul, iska tana fita yana kallon gefen tayar har ta yi ciki. Haka ya yi wa huɗun. Muka kwashe rairayin da ke gaban kowace taya da na ƙarƙashin mota da hannu da murfin kula, ya ce in sa giyar ƙarfi, in ɗauka da giya ta biyu, kada in taka totur sai kaɗan. Motar ta taso kamar ba ita ba. Kulocin dai bai ƙara lafiya ba, mako biyu bayan nan aka sauke giya aka sauya shi, kuma kuɗin ya ninka na famfo da geji sau da yawa.

Abin da ke faruwa shi ne, idan ka rage iska, sawun tayar a ƙasa yana ƙara tsawo, nauyin mota ya bazu, sai ta hau kan rairayi maimakon ta tsaga shi. A kwalta ka bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, yawanci tsakanin 30 da 35. A burji mai gargada ka sauko wajen 26 zuwa 28, za ka ji mota ta daina karkarwa. A rairayi mai laushi 18, idan ya yi tsanani 15. Ƙasa da haka sai don fita daga kafewa kawai, domin taya na iya zamewa daga rim, musamman idan ka karya kan mota da ƙarfi. Kuma ka rage tun kafin ka shiga, a bakin rafin, ba sai ka nutse ba. Da ragaggiyar iska kada ka wuce gudun kilomita 40, kuma da ka taka kwalta ka tsaya ka mayar da ita, in ba haka ba gefen tayar zai yi zafi ya fashe. A ranar ba ni da famfo, haka na lallaɓa a hankali har na samu mai faci. Don haka geji na hannu da famfon da ake maƙalawa a batir su ne kayan gyaran daji na farko da za ka saya. Ka guji ɗan ƙaramin nan na roba da ake sawa a ramin kunna sigari, kafin ya cika taya biyu ya ƙone. Ka haɗa da kayan facin tubles, allurar da igiyoyin roba, ka sa mai faci ya koya maka sau ɗaya a gabansa.

In ka ji mota ta fara nutsewa, ɗage ƙafarka nan take. Gwada komawa baya a kan sawunka. Mai motar da ake sa wa ƙafa huɗu da hannu kuma ya tuna ya cire ta idan ya hau kwalta, barin ta yana ɗaure farfela ya ci giya.

Yanzu ne za ka je wajen mai walda, amma ba don bamba ba. Ya yanka maka farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 ya rufe ƙarƙashin inji, inda baƙin mai ke taruwa, da ƙarƙashin giya. A ɗaure shi da noti a jikin cesis, kada a like shi da walda, kuma a huda masa ramin juye baƙin mai da ƴan ramukan zubar ƙasa. Bayan kowace fita ka leƙa ka cire busasshiyar ciyawar da ta taru a kai, kusa da salansa take, tana iya kama wuta. Wani aiki mai arha da mutane ba sa yi: ramin numfashin aksul. Aksul mai zafi idan ya shiga ruwa yakan zuƙo shi ta nan, man ya koma fari kamar kunu. Tiyo ɗan siriri aka sa masa aka ja shi sama cikin ɗakin inji, shi ke nan.

Ɗaga mota kuwa, inci biyu, kada ka ƙara. Fiye da haka shaf ɗin gaba yana karkacewa, robarsa ta yage, mota kuma ta riƙa rinjaya a kwana. Ka sani ɗagawar ba ta ɗaga aksul na baya, taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Sau da yawa ma tsohuwar jif zama ta yi saboda sifirin ya gaji, sabon sifirin da shokazoba masu kyau sun isa su mayar mata da tsayinta. Bayan an gama a kai ta a daidaita ƙafafu.

Kayan ceto: shebur mai dogon ƙota, katako mai kauri da za ka ɗora jak a kai, faffaɗan katako biyu na turawa ƙarƙashin taya, da igiyar ja mai faɗi wadda aka rubuta nauyin da take ɗauka. Kada ka taɓa ɗaura igiya a ƙwallon jan tirela ko a bamba. Ƙwallon yana karyewa ya taso kamar harsashi, ya kashe mutane a wurare da dama. Nemi ƙugiyar da ke ɗaure a cesis, ka yafa bargo ko jiƙaƙƙen buhu a tsakiyar igiyar, kowa ya matsa nesa, musamman yaran ƙauye da ke taruwa kallo.

Sauran ba su da wuya. Filtar iska ka riƙe guda a mota, lokacin hunturu ka riƙa ciro ta kana kakkaɓewa. Batir a ɗaure shi da kyau. Fitila biyu ƙanana sun isa. Kariyar ɗora kaya a rufi sai in dole, kuma kaya marasa nauyi kawai, jarkokin ruwa su zauna ƙasa a ɗaure. Bututun shaƙar iska na sama da injin jan mota ka bar su sai ka shekara kana fita. Kada ka yi wa motar fenti mai kama da na jami'an tsaro, takardunta kuma su cika idan za ka yi wajen Illela. Game da inda za ka, halin rashin tsaro da gabashin jihar da wasu dazuzzukan kan iyaka suke ciki ba ɓoyayye ba ne: tambayi direbobin tasha da mutanen garin kafin ka fita, ku tafi mota biyu, ka gaya wa na gida hanyar da za ka bi, kuma ka hau kwalta kafin magariba.