Daga Kampala Zuwa Entebbe: Yadda Sabon Zuwa Zai Zaɓi Hanya da Abin Hawa

Duk wanda ya shigo Uganda ta jirgin sama a Entebbe ya sauka, domin a can babban filin jirgin saman ƙasar yake, amma yawancin 'yan'uwanmu da ke zuwa karatu ko kasuwanci ba sa sanin garin sai ranar da za su koma tarbar baƙo ko kama jirgin gida. Entebbe yana kudu da Kampala, a kan wata ƙasa da ta kutsa cikin Tafkin Victoria, kuma nan ne mazaunin gwamnatin Turawan mulkin mallaka har zuwa 1962, lokacin da ƙasar ta sami 'yancin kai aka mai da babban birni Kampala. Tsakanin garuruwan biyu kilomita 40 ne ko kusa da haka. Wannan kusancin shi ke yaudarar baƙo, domin tafiyar da za a yi cikin minti 40 da asuba tana iya cin awa biyu da yamma, gwargwadon unguwar da mutum ya taso, da hanyar da ya bi, da abin da ya hau.

Hanyoyin mota biyu ne. Tsohuwar hanya tana tashi daga tsakiyar birni ta Kibuye, ta ratsa Najjanankumbi da Zana da Kajjansi da Kisubi, sannan ta shiga Entebbe. Ba a biyan ko sisi a kanta, sai dai kasuwanni da makarantu da mahaɗun tituna sun cika gefenta, kuma cunkoson da ke tsakanin Kibuye da Kajjansi da safe da yamma ya isa ya sa mutum ya rasa jirgi. Sabuwar hanya, wadda wani kamfanin Sin ya gina da rancen da aka karɓo daga ƙasar, an buɗe ta a 2018, aka fara karɓar kuɗin wucewa a watan Janairun 2022, inda aka sanya wa ƙaramar mota shilin 5,000. Shingayen biyan kuɗin uku ne: Busega, Kajjansi da Mpala.

Abin da sababbin zuwa suka fi kuskurewa shi ne zaton cewa sabuwar hanyar ta shigo har tsakiyar Kampala. Bakinta yana Busega, a yammacin birni, kuma tana da reshe da ya taso daga Munyonyo a bakin tafki ya haɗe da ita a Kajjansi. Saboda haka unguwar mutum ce ke zaɓa masa mashiga. Ɗaliban Jami'ar Kampala International da ke Kansanga, da masu zama a Kabalagala da Ggaba, ba su da dalilin kutsawa cikin gari. Su gangara ta Munyonyo su hau reshen. Masu zama a wajejen Makerere, Kawempe ko Ntinda kuwa su bi titin zobe na arewacin birni har Busega. Wanda ke tsakiyar gari ko Kibuli shi ne ke cikin tsaka mai wuya, domin kafin ya kai kowace mashiga ya riga ya sha rabonsa na cunkoso, kuma a irin wannan hali direba mai hankali kan bi tsohuwar hanya zuwa Kajjansi, daga nan ya hau sabuwar.

Mafi arha a cikin abubuwan hawa ita ce farar bas ƙirar Hiace mai ratsin shuɗi a kwiɓinta, wadda ke ɗaukar fasinja 14. Ita ce 'yan Uganda ke kira tasi, don haka baƙon da ya ce a samo masa tasi yana nufin motar shata, tashar bas za a nuna masa. Motar shata a wurinsu sifeshal ake ce mata. Basbas ɗin suna lodi a tashoshin tsakiyar gari irin su Old Taxi Park da Usafi, kuma da yake hukumar birni kan sauya wa motoci wurin lodi, abin da ya fi shi ne mutum ya ambaci Entebbe ga 'yan kamasho su kai shi bakin motar. Mota ba ta tashi sai ta cika, galibinsu tsohuwar hanya suke bi suna sauke wannan suna ɗaukar wancan, kuma kuɗin yakan hau da yamma ko idan hadari ya haɗu, saboda haka a tambayi yaron mota farashi kafin a zauna, a kuma riƙe canji. Waɗannan motoci ba sa shiga filin jirgi. A cikin gari suke ƙarewa, wajen Kitoro, daga nan sai mutum ya nemi ɗan acaba ko motar shata ta ƙarasa da shi. Ga mai zuwa shan iska da ƙaramar jaka babu laifi, amma mai akwati biyu da tikitin jirgi a aljihu bai kamata ya gwada ba, ko da kuwa kuɗin da zai rage ya ninka sau goma.

Mai kama jirgi, motar shata ce tasa, ko ta hanyar manhajojin waya irin su Uber da Bolt da SafeBoda, ko ta hannun direban da wani ɗan'uwa da ya daɗe a gari ya amince da shi. A daidaita abu biyu tun kafin a ɗora kaya: wace hanya za a bi, kuma wa zai biya kuɗin shinge da na shiga filin jirgi, domin a nan ne gardama ke tashi bayan an iso. Yawancin direbobi suna karɓar kuɗi ta waya, ta layin MTN ko Airtel, amma tsabar kuɗi ba ta taɓa ba mutum kunya. Akwai kuma batun lokaci, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Agogon Uganda yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, sannan masu magana da Luganda da Swahili suna fara ƙirgen awoyin yini daga fitowar rana, ta yadda ƙarfe bakwai na safe a wurinsu ƙarfe ɗaya ne. Direban da aka yi alkawari da shi da baki kan ƙarfe goma zai iya fahimtar ƙarfe huɗu. A rubuta masa lokacin da lambobi a saƙon waya, a faɗi safe ne ko dare. A kuma bar rara mai yawa, domin ana binciken motoci a ƙofar filin jirgi, sannan fadar shugaban ƙasa tana Entebbe, kuma idan ayarinsa zai wuce akan tsayar da kowa.

Acaba, wanda a can ake kira boda boda, shi ne maganin cunkoso a cikin Kampala, amma ba abin yin doguwar tafiya ba ne. An hana ƙananan babura hawa sabuwar hanya, don haka dole ɗan acaba ya bi tsohuwar yana kutsawa tsakanin manyan motoci, a ƙasar da ake tuƙi ta hannun hagu, abin da idon ɗan Najeriya ko Nijar bai saba da shi ba. A yi amfani da shi wajen isa tasha ko zagayawa cikin Entebbe, kuma a nemi mai hular kwano ta fasinja.

Wanda ya je don yawon buɗe ido zai tarar da gari mai natsuwa da sanyin iska. Akwai lambun itatuwa da aka kafa a 1898 a bakin ruwa, da gidan namun daji, da wuraren da ake soya karfasa a kawo ta da zafinta. Daga mashigar Nakiwogo jirgin ruwan MV Kalangala ke tashi da rana zuwa tsibiran Ssese, tafiyar sama da awa uku, kuma sai washegari yake dawowa, saboda haka mai niyyar zuwa ya shirya kwana. Ruwan gaɓar tafkin yana ɗauke da tsargiya, kuma ganin 'yan gari suna iyo ba hujja ba ce. A hana yara shiga.

Ranar Lahadi rabin Kampala ke kwarara bakin tafki, kuma kusan lokaci guda suke juyowa. Wanda ya baro Entebbe kafin la'asar zai iso gida cikin sauƙi, wanda ya jira magariba kuwa zai yi isha'i a hanya. Haka ma a watannin ruwa, daga Maris zuwa Mayu da kuma daga Satumba zuwa Nuwamba, ruwan awa ɗaya ya isa ya tsayar da motoci a ƙasan gari, don haka mai jirgin dare a wannan lokaci gara ya tashi da rana ya jira a Entebbe.